Yadda Ake Zagaya Elmina: Fara Daga Kan Dutse Kafin Ka Shiga Sansani

Yawancin masu zuwa Elmina mota ce ke sauke su a ƙofar babban sansanin Turawa, su shiga su yi awa guda, su fito jiki a sanyaye, su koma mota. Sun ga kurkukun bayi, kuma lalle ya cancanci a gan shi. Sai dai sun tafi ba su san cewa filin da ke gaban ƙofar nan gari ne guda da aka ƙone a yini ɗaya ba, ba su kuma san dalilin da ya sa aka gina wani sansanin a kan dutsen da ke kallonsu ba. Elmina ƙaramin gari ne, da ƙafa ake gama shi a yini ɗaya, amma inda ka fara da inda ka ƙare su ne za su sa tarihin ya haɗu a kanka ko ka tafi da shi gutsure-gutsure.

Garin yana bakin tekun Atilantika a Yankin Tsakiya na ƙasar Gana, kimanin kilomita 12 yamma da Cape Coast, kilomita 150 da 'yan kai daga Akra. Mutanensa Edina suke kiransa, harshensu Fante, kuma Turanci zai fisshe ka a ko'ina.

Zuwa da shiri

Daga Akra ana samun bas da ƙananan motocin haya da ake kira tro-tro a tashar Kaneshie, su bi babbar hanyar bakin teku zuwa Cape Coast. Tafiyar awa uku ce idan hanya ta yi kyau, amma cunkoson Kasoa kan ƙara awa guda ko fiye, musamman yammacin Juma'a da safiyar Asabar. Daga Cape Coast tasi ta haɗaka za ta kai ka Elmina cikin rabin awa. Mutumin ƙasashen ECOWAS ba ya bukatar biza, amma katin rigakafin cutar shawara ana tambayarsa a filin jirgi da kan iyaka.

Kada ka shirya zuwa da komawa Akra a rana ɗaya. Wanda ya yi haka da tsakar rana yake isowa, lokacin da masunta sun gama sauke kifi, rana ta take, motocin 'yan makaranta sun cika ƙofar sansani. Ka kwana a Elmina ko Cape Coast, ka fito da sassafe.

Ka riƙe sedi, kuɗin Gana, a hannu, ƙananan takardu, domin kuɗin shiga, tasi da ɗan abin hasafi. Ka taho da katin shaida, don kuɗin shiga ya bambanta tsakanin ɗan ƙasa, baƙo da ɗalibi, kuma babbar kyamara tana da nata kuɗin. Takalmi ya zama mai riƙe ƙafa: daɓen kurkukun yana da danshi, matakalan bene kuma tsaye suke.

Ka duba ranar mako ma. Masuntan wannan gaɓa ba sa fita teku ran Talata. Idan kwalekwale kake son gani jere a cikin tafki, ɗaruruwa, da tutocinsu da zanensu, Talata ta fi. Idan hada-hadar sauke kifi kake so, zaɓi wata rana.

Da farko: gadar Benya, daga ƙarfe shida zuwa takwas

Tafkin Benya ne ya raba garin biyu, kuma a bakinsa, inda yake haɗuwa da teku, akwai gada. Tsaya a kanta da sanyin safiya. Kwalekwalen da suka kwana a teku suna shigowa ta ƙarƙashin ƙafarka ɗaya bayan ɗaya, mata da manyan kwanoni suna jira a kasuwar kifi ta Mpoben, samari suna shiga ruwa iya ƙirji suna ɗauko kaya a ka. Ka lura da ginin kwalekwalen: ƙasansa gungumen itace ɗaya ne da aka fafe, sannan aka ɗora katakai a gefe don ƙara masa zurfi.

Wannan kallo yana cikin darasin tarihin. Gaɓar nan ba ta da wurin da babban jirgi zai matso ya tsaya, saboda haka jiragen Turawa can nesa suke kafa anga, kuma duk abin da ya shiga sansani ko ya fita daga cikinsa, zinariya ko mutum, a kwalekwalen mutanen garin ya ratsa igiyar ruwa. Ba don matuƙan Edina ba da sansanin bai yi aiki ba ko na wata guda.

Hoto a nan yana jawo rigima. Masunta da matan kasuwa sun gaji da baƙin da ke ɗaga musu waya a fuska ba sallama. Gaisa, nemi izini, idan an ce a'a ka sauke wayarka. Daga kan gada kana iya ɗaukar tafkin baki ɗaya ba ka takura wa kowa ba.

Na biyu: hau dutsen Sen Jago

Daga arewacin gadar wata hanya ta miƙe sama zuwa wani farin sansani ƙarami. Hawan bai wuce minti goma ba, amma yana da tsayuwa, shi ya sa ake yinsa kafin rana ta yi zafi. Sunan dutsen daga wani ƙaramin coci ne da Turawan Fotugal suka gina a kansa. Sansanin kuwa na Turawan Holan ne, suna kiransa Coenraadsburg.

Idan ka kai sama juya ka kalli kudu. Babban sansanin yana ƙarƙashinka, har tsakar gidansa kana hange. Abin da ya faru a 1637 ke nan a gaban idonka. Holan sun gwada ƙwace Elmina a 1596 ba su yi nasara ba, suka dawo a 1625 mayaƙan garin da ke tare da Fotugal suka yi musu mummunar ɓarna. A watan Agusta na 1637 sai suka zo da rundunar da aka turo daga Burazil, suka kama wannan dutsen, suka jawo igwa zuwa kansa, suka riƙa zuba wuta a kan sansanin daga sama. Cikin 'yan kwanaki Fotugal suka miƙa wuya, bayan shekara 155 suna riƙe da wurin. Su kuma Holan, don kada wani ya yi musu abin da suka yi, suka kafa shinge a kan dutsen, sannan a shekarun 1660 suka gina shi da dutse. Ba a yi shi don ciniki ba, ba shi da rumbunan kaya. Aikinsa tsaro kawai. Ya kuwa yi aikin, don Ingilishi sun kawo masa hari a farkon shekarun 1780 suka koma ba su samu komai ba.

Kada ka yi gaggawar sauka. Daga nan ne kaɗai za ka ga fasalin garin duka: babban sansanin a ƙarshen wani siririn zirin ƙasa, teku a kudu, tafki a arewa, fadamun gishiri can baya inda tafkin ya bazu, hayaƙin murhun bandar kifi, cocin Katolika a kan wani tudun, rufin kwanon gidaje a cunkushe a arewacin ruwa. Sannan ka kalli zirin ƙasar da ke yamma da sansanin, ka ga yadda ya zama fili alhali ko'ina a matse yake. Nan za ka nufa.

Na uku: filin da tsohon gari yake

Sauko, ƙetare gada, amma kada ka shiga ƙofar sansani tukuna. Tsaya a filin da ke gabanta.

A nan asalin Elmina yake. Tun kafin Fotugal su iso wannan gaɓa a 1471 akwai mutane a wurin, kuma cikin ƙarni huɗu garin ya girma ya zama na dubban mutane, da gidajen dutse, wasu masu bene, da lunguna matsattsu, har jikin gwalalon sansanin. Mutanensa masunta ne, matuƙa, magina, maƙeran zinariya, fatake, kuma garin ya tsaya da ƙafarsa, ba ya ƙarƙashin masarautun da ke kewaye da shi. Abokan ƙawancensa biyu ne: Holan a cikin sansani, da Asante a can Kumasi, waɗanda suka ɗauki Elmina a matsayin ƙofarsu ta zuwa teku, har Holan na biyan Sarkin Asante wani kuɗi duk shekara. Wannan ƙawance ne ya sa maƙwabtansu Fante, masu hulɗa da Ingilishi a Cape Coast, suka daɗe suna gaba da su, har suka yi wa garin ƙawanya a 1868.

A watan Afrilu na 1872 Holan suka miƙa wa Ingila duk sansanoninsu na wannan gaɓa suka tafi, ba tare da yardar mutanen garin ba. Sarkin Edina, Kobina Gyan, ya ƙi yin mubaya'a ga Ingilishi, suka kama shi a 1873 suka kai shi Saliyo, inda ya yi fiye da shekara ashirin. A lokacin rundunar Asante ta riga ta sauko kudu. Ranar 13 ga Yuni, 1873, Ingilishi suka buɗe wa unguwannin da ke kan zirin nan wuta, daga igwan sansani da kuma jiragen da suka shigo tafki, garin ya ƙone ƙurmus. Ba a bari an sake gina shi ba. Aka share wurin aka mai da shi filin fareti, mutanen suka koma arewacin Benya, inda garin yake a yau.

Masu binciken tarihi ta hanyar tono sun yi aiki a nan tun daga shekarun 1980, suka tarar da harsashin gidaje, tukwanen gida, lofen taba, duwatsun ado, kwalaben giya, tangaran daga Turai da Sin, da kaburbura a ƙarƙashin daɓen ɗakuna. Idan ka duba ƙasa da kyau za ka ga layin duwatsu a wasu wurare da ɓaraguzan tangaran. Kada ka ɗauki ko ɗaya. Wurin yana ƙarƙashin kariyar doka, kuma mutane na kwance a ƙarƙashinsa.

Na huɗu: cikin babban sansani

Ana buɗewa da misalin ƙarfe tara na safe, a rufe bayan la'asar. Hukumar gidajen tarihi ta Gana ce ke kula da shi, kuma yana cikin sansanonin gaɓar Gana da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979. Ka sayi tikiti a ciki, a teburin hukuma. Jagora na cikin gida ne ke tara mutane rukuni-rukuni, zagayen kan ɗauki minti 45 zuwa awa guda, daga nan a bar ka ka koma inda kake so. Ka ware awa biyu.

Fotugal ne suka fara ginin a watan Janairu na 1482, ƙarƙashin Diogo de Azambuja, wanda ya zo da mutum 600, ɗari daga cikinsu magina da kafintoci, da sassaƙaƙƙun duwatsu a cikin jirgi. Suka sa masa suna São Jorge da Mina. Abin da ya kawo su zinariya ce. Suna sayenta da tufafi, da mundaye da tasoshin tagulla, har da bayin da suke sayowa daga gaɓar Benin suna sayar wa fataken ƙabilar Akan. Ɗakunan ƙasa da za a nuna maka rumbunan kaya ne tun asali. Sai a ƙarni na 17, da gonakin rake na nahiyar Amurka suka buɗe baki, aka mai da su wurin tsare mutane, kuma haka suka kasance har Holan ta haramta cinikin a 1814.

Tambaya ɗaya za ta buɗe maka ginin: a kowane sashe ka tambayi jagora, wa ya gina nan? Mafi yawan abin da ido ke gani a yau gyaran Holan ne a kan harsashin Fotugal. Inda farar ƙasa ta ɓare, duba bangon. Manyan duwatsu masu duhu na wurin ne. Ƙananan tubala siraran nan masu ruwan ɗorawa, da ke bakin ƙofofi da tagogi da bakan rufi, daga Holan aka kawo su a gindin jirgi don su ba shi nauyi.

Za ka shiga ta gada a kan gwalalo biyu da aka sare cikin dutse. A tsakiyar babbar tsakar gida akwai cocin Fotugal, wanda Holan suka mayar wurin ciniki, yanzu kuma ɗan gidan tarihi ne. Ka bar shi sai ƙarshe, don hotuna da taswirorin tsohon garin da ke ciki sun fi ma'ana bayan ka zagaya.

Sashen mata ya fi ko'ina nauyi. Ƙaramar tsakar gida ce da ɗakuna masu duhu kewaye da ita, iska ba ta shiga sai ta 'yan ramuka, kuma har yau akwai wani wari da bai bar bangon ba. A sama akwai barandar da gwamna ke tsayawa ya zaɓi wadda yake so. Za a nuna maka rijiyar ruwan sama da ake yi wa matar wanka da ruwanta, da matakalar katako da ke hawa ta wata ƙofa a daɓen bene zuwa ɗakinsa, da dunƙulen harsashin igwa da ake ɗaure wadda ta ƙi a jikinsa, a bar ta cikin rana. A saman wannan sashe Holan suka yi nasu cocin, da ayar Zabura a rubuce a bango. Ka hau ka tsaya a cikinsa, ka tuna abin da ke ƙarƙashin ƙafarka.

Daga kurkukun maza ana sunkuyawa a bi ta wani ɗaki mai duhu zuwa ƙofar da ba a dawowa. Tsaga ce a bango, mutum ɗaya take ɗauka, shi ma a karkace. An yi ta haka ne don a riƙa ƙirga mutane ɗaya-ɗaya suna sauka zuwa kwalekwale. A ɗakin za ka tarar da furanni da saƙonnin da jikokin waɗanda aka fitar suka ajiye. Mai yiwuwa a rukuninku akwai wanda ya taso daga Amurka ko Jamaika domin wannan ɗakin kaɗai. Ka yi shiru, ka ba shi wuri, kada ka ɗauki hoton mai kuka. Wanda ƙunci ko duhu ke tayar wa hankali, ko mai ciwon asma, ya tsaya kusa da bakin ƙofa, don jagorori kan rufe ƙofa na ɗan lokaci a wasu ɗakunan.

Akwai ɗakunan horo biyu a jere. Ɗaya na sojan Turawa da ya yi laifi, yana da tagar iska. Ɗayan, mai hoton ƙoƙon kai a saman ƙofa, na bawan da ya yi tawaye ne, ba taga, ba abinci, ba ruwa. A bene kuma ka nemi ɗakin da Ingilishi suka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896, kafin su wuce da shi Saliyo, daga can zuwa tsibiran Seshels, inda ya zauna har 1924.

A bakin ƙofa samari za su tambayi sunanka, in ka fito ka tarar an rubuta shi a jikin ƙwaryar dodon koɗi ana jiran kuɗi, ko a miƙo maka takardar neman taimakon ƙungiyar ƙwallo. In ba ka so, kada ka ba da sunan tun farko. A'a cikin fara'a ta isa.

Na biyar: cikin gari, bayan rana ta karya

Huta da azahar, ka fito wajen ƙarfe uku. A nan yana da kyau ka ɗauki jagora ɗan gari, ku yi ciniki kafin ku tashi, don lungunan ba su da alamomi.

Abin da ya fi jan ido shi ne posuban, gine-ginen siminti masu launi na ƙungiyoyin Asafo, wato rundunonin unguwanni da suka kare garin a da, waɗanda har yanzu suke da hannu a bukukuwa da jana'iza da naɗin sarauta. Kowace ƙungiya da lambarta da tutarta da nata ginin, an cika shi da mutum-mutumi masu ɗauke da habaici ga abokan hamayya. Wani an ɗora masa jirgin ruwa da matuƙansa a kan rufi, wani kuma siffar Adamu da Hauwa'u ce a gabansa. Wurare ne masu alfarma a wajen masu su. Ba a hawa, ba a shiga, kuma in za ka ɗauki hoto akwai dattijon da ake nema a ba shi ɗan wani abu.

Daga nan ka bi titin Liverpool ka ga gidajen attajiran ƙarni na 19, na dutse, masu bene, wasu sun fara zubewa. Da yawa na iyalan da suka fito daga auren Turawan Holan da matan garin ne, shi ya sa har gobe ake jin sunaye irin su Bartels, Vroom da Ulzen a Elmina. Maƙabartar Holan, wadda aka buɗe a 1806, tana kusa, ƙarƙashin manyan itatuwa. Sau da yawa a kulle take, sai an nemo mai mabuɗi. A dandalin tsakiyar gari akwai mutum-mutumin Kobina Gyan. A kan tudu kuma cocin Sen Yusufu, inda limaman Katolika biyu da suka iso a 1880 suka sake kafa cocinsu a ƙasar.

Tudun Java yana da labarin da mutane kaɗan suka sani. Tsakanin 1831 da 1872 Holan sun ɗebi sojoji kimanin 3,000 daga wannan gaɓa zuwa yaƙe-yaƙensu a ƙasar da ake kira Indunusiya a yau, da yawansu ta hanyar yarjejeniyar da suka ƙulla da Sarkin Asante Kwaku Dua a 1837, kuma akasarinsu bayi ne daga arewa da aka fanshe su da albashin da za su karɓa. Waɗanda suka dawo a wannan tudu aka ba su filaye, shi ya sa ake kiransa da sunan Java, wani tsibiri na Indunusiya. An buɗe ɗan gidan tarihi a garin domin tunawa da su a 2003. Irin waɗannan ƙananan wurare ba kullum suke a buɗe ba, sai ka sa jagoranka ya tuntuɓa tun da safe.

Lokacin zuwa, da abin da za a kiyaye

Ruwan sama ya fi yawa daga Afrilu zuwa Yuni, ya ɗan dawo wajen Oktoba. Daga Yuli zuwa Satumba gari kan yi sanyi-sanyi, kuma lokacin ne kifi ya fi yawa. Babban bikin garin, Bakatue, ran Talatar farko ta watan Yuli ake yinsa. Makonni shida kafin ranar ana hana kamun kifi a tafki da kaɗe-kaɗe, ranar kuma sarki ya fito da hakimansa, a jefa taru sau uku a Benya don buɗe sabuwar shekarar kamun kifi, a yi tseren kwalekwale. Wani bikin garin kuwa, Edina Bronya, Alhamis ɗin farko ta Janairu ake yinsa. A waɗannan ranaku, da kuma ƙarshen Yuli zuwa 1 ga Agusta da ake bikin tunawa da 'yanta bayi, masauki yana wuya, sai an kama tun da wuri.

Kada ka shiga teku a gefen sansani ko wani bakin ruwa da ba mai tsaro. Ruwan yana da ja ta ƙasa wanda ke janye mutum ya yi nisa da gaɓa, ko da gwanin iyo ne. Sauro na nan duk shekara saboda tafki, saboda haka ka kwana cikin gidan sauro. Wajen gaisuwa, miƙa kuɗi ko nuna wani abu, da hannun dama ake yi.

In kana da rana ta biyu, ka ba sansanin Cape Coast safiya, don ka kwatanta: a can Ingilishi sun gina kurkukun ne musamman domin bayi, a ƙarƙashin ƙasa, ba rumbun kaya aka sauya ba. Dajin Kakum da gadojinsa bakwai na igiya a saman itatuwa yana kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast, kuma shi ma sai da sassafe, kafin layi ya yi tsawo. Assin Manso, inda ayarin bayi daga arewa ke yin wankan ƙarshe a rafi a da, kafin a kai su gaɓa, yana kan hanyar Kumasi, tafiyar kamar awa guda daga Cape Coast. Wurare ukun nan ba sa shiga yini ɗaya cikin natsuwa. Ka haɗa Cape Coast da ɗaya daga cikin biyun.